Wane irin dankalin turawa ne ya fi? Amsa ga mai son shukawa da soyawa

Wata 'yar uwa ce ta turo tambaya, ga ta a taƙaice. Ta ce tana sayen dankalin turawa, wani in ta soya sai ya fito ja-ja ƙaras-ƙaras gwanin sha'awa, wani kuma da man nan da kaskon nan da wutar nan amma sai ya yi baƙi ya sha mai ya kwanta lagwab, wani kuma in ta jefa a miya kafin ta waiwayo ya narke babu shi. Yanzu ta samu ɗan fili tana so ta shuka nata, shi ne take tambaya wane iri ne ya fi kowanne kyau.

Toh Malama, da farko dai ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ba ne. Na daɗe ina harkar dankali, daga gona har wurin ajiya, kuma wannan ƙorafin shi na fi ji a bakin masu girki, kowa sai ya ɗora laifin a kan mai ko a kan wuta. Dankalin ne ba ɗaya ba. Kuma in dai ana so a zaɓi iri, ni a wurina tukunya ake fara tambaya kafin a tambayi gona, wato me za ki yi da shi in kin haƙo, suya ko dahuwa ko ajiya, sannan a dawo a duba ko yanayin wurinki zai karɓe shi. Wani abin da ke ƙara rikita maganar shi ne kalmar "iri" ɗin kanta, mu a bakinmu iri shi ne nau'i, iri kuma shi ne abin da ake binnewa a ƙasa, kuma a dankali duka biyun suna iya kayar da mutum, zan taɓo kowanne.

Asalin dankalin nan ba na Turawa ba ne duk da sunan da muka laƙaba masa, ba kuma na Ailan ba ne duk da wasu na ce masa arish, wato ɗan Ailan. Daga duwatsun Andis yake a Kudancin Amurka, wajen tafkin Titikaka tsakanin Peru da Bolibiya, can aka fara nomansa fiye da shekara 7,000 da suka wuce, Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Akwai cibiyar binciken dankali ta duniya a Lima, babban birnin Peru, da aka kafa a 1971, suna ajiye da nau'i sama da 4,000 na gargajiya, akwai ja, akwai shuɗi har cikin tsokarsa, akwai mai tsawo kamar yatsa, akwai ma mai ɗaci da ba ya ciyuwa sai an shanya shi a sanyin dare an tattake ruwan. Kuma ba ɗan uwan dankalin Hausa ba ne ko kaɗan, suna kawai suka haɗa. Danginsa su ne tumatir da barkono da gauta, ki riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo maganar cuta.

Yanzu ga abin da ya raba wanda ya narke miki da wanda ya yi lagwab. Dankali kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, sauran shi ne abin da zai rage in an busar da shi, kuma mafi yawansa sitaci ne. To 'yan kason nan na sama ko ƙasa su ne komai. Wanda busasshen jikinsa ya tsaya kamar kashi 16 zuwa 18, shi ne mai ruwa, mai riƙe jiki, in kin dafa kin yanka za ki ga fuskar tana sheƙi santsi kuma yankan ba ya faɗuwa. Wanda ya kai kashi 21 ko 22 ko ya wuce, shi ne mai gari, in ya ji zafi sitacin ya kumbura sai ƙwayoyin jikinsa su rabu da juna, kina sa cokali yana warwarewa. Mai gari shi ne na suya da gashi da dakawa, don ruwan da mai zai kora kaɗan ne, waje ya bushe da wuri ciki ya yi laushi. Amma ki sa shi a miya ki ga ikon Allah, shi ne wanda ya ɓace miki. Mai ruwa kuma a miya ko a haɗin salak babu kamarsa, amma a kasko sai ya yi ta fitar da tururi, kafin ya bushe ya riga ya sha mai, kina kwashewa yana kwantawa.

Tunda mai sayarwa ba kasafai ya san sunan abin da ke gabansa ba, ga yadda nake gwadawa, kuma gani ya kori ji. Ki samu roba mai zurfi, ki zuba ruwa lita ɗaya, ki auna gishiri kamar giram 120 ki juya har ya narke tas kar ki bar ko ƙwaya a ƙasa. Ki wanke dankali biyar ko shida ki jefa ɗaya bayan ɗaya. Za ki ga wani ya tafi ƙasa kai tsaye ya zauna kamar dutse, wani ya ɗan nitse ya dawo yana leƙowa da bayansa a waje, wani kuma ya tsaya a tsakiya yana juyawa a hankali kamar mai shawara. Na ƙasa mai gari ne, kasko. Na sama mai ruwa ne, tukunya. Na tsakiya zai yi miki duka biyun ba yabo ba fallasa. Ba sihiri ba ne, sitaci ya fi ruwa nauyi, kuma kamfanonin da ke soya dankali ma nauyinsa a ruwa suke aunawa kafin su karɓi mota, sai dai su da na'ura. Abin da zai ba ki mamaki, a buhu guda za ki iya samun na sama da na ƙasa, ko don an gauraya nau'i ko don wasu ba su gama ƙosawa ba aka haƙe su.

Bari mu zo sunaye. A masu gari babban su shi ne Russet Burbank, dogo mai kaushin bawo ruwan ƙasa, fari a ciki, shi ne dankalin da jihar Idaho ta Amurka ta yi suna da shi, kuma dogayen cips ɗin gidajen abincin McDonald's da shi aka san su. Wani saurayi Luther Burbank ne ya fitar da kakansa a farkon shekarun 1870 daga 'ya'yan wani nau'i da ake kira Early Rose, ya sayar da shi dala 150 kacal, mai kaushin bawon daga baya ya ɓulla. Amma ni ba zan ba ki shawarar sa ba, dankali ne mai tsirfa, yana daɗewa a gona, in ruwa ya yanke masa ya dawo sai ya fito da ƙusoshi da kawuna kamar citta, in zafi ya buge shi gindinsa ya tara suga. A Ingila Maris Piper suke ji da shi, an fitar da shi a 1966 a Kambirij, ga kuma tsohonsu King Edward mai ɗigon ja a ido tun 1902. A Holan akwai Bintje, wani malamin makaranta ne mai suna de Vries ya fitar da shi ya sa masa sunan wata ɗalibarsa, ya shiga kasuwa a 1910 kuma shekaru da dama shi ne dankalin suyar Beljiyam da Faransa, sai dai kusan duk cutar da ta zo wucewa sai ta gaishe shi. In za a bar ni in zaɓa a wannan layin, Agria zan ɗauka, ɗan Jamus ne, tsokarsa rawaya sosai, suyarsa na fitowa kamar zinare kuma yana jure ajiya.

A masu riƙe jiki, Nicola shi ne wanda na fi yarda da shi, shima daga Jamus, 1973, ɗan dogo mai santsin bawo rawaya ciki da waje, idanunsa ba su da zurfi don haka ba a asarar tsoka wajen fira, ki dafa shi ki manta da shi a wuta ma da wuya ya fashe. Akwai Charlotte na Faransa, da Ratte ɗan siriri mai lanƙwasa wanda masu girkin can ke ji da shi amma amfaninsa a gona kaɗan ne. Sai Spunta, wannan kam sai na ɗan tsaya a kansa. Ɗan Holan ne, ya cika Masar da sauran Arewacin Afirka da Ajantina, dalili kuwa yana jure ɗumi fiye da yawancinsu, yana girma da sauri, ga manyan 'ya'ya dogaye masu ɗaukar ido. Manomi na son sa don yana cika buhu, mai saye na son sa don girma, amma ba girin-girin ba dai ta yi mai, ruwa ne a cikinsa, jefa shi a robar gishirin nan ki ga. In aka ce min wani ƙaton dankali mai kyan gani ya ba mai suya kunya, zuciyata Spunta take fara kawowa ko wani mai halinsa.

Na tsakiya su ne irin su Désirée, jan bawo rawayar tsoka, ɗan Holan 1962, yana da haƙurin fari sosai, da Yukon Gold da Gary Johnston ya fitar a jami'ar Guelph ta Kanada a 1980, da Kennebec na Amurka. A Turai ma har harafi ake sa musu, A mai riƙe jiki, B na tsakiya, C mai gari, D mai gari sosai, in kin ga haka a jikin buhun iri abin da ake nufi kenan. Kuma don Allah a daina cewa jan dankali na miya ne fari na suya, launin bawo ba ya faɗa miki komai. Lady Rosetta ja ne amma sitaci ne cunkus, don siraran cips na leda ake noma shi.

Sai baƙin da kika ce yana yi. Wannan ba maganar sitaci ba ce kuma, suga ne. In dankali ya tara suga, da ya shiga mai mai zafi sai sugan ya ƙone tun cikin bai dahu ba, waje baƙi ciki ɗanye ga ɗan ɗaci-ɗaci mai zaƙi. Babban mai jawo shi sanyi ne, da zarar an ajiye dankali ƙasa da digiri 6 ko 7 sai ya fara juya sitacinsa zuwa suga, firij kuwa yana wajen digiri 4, kinga kenan wanda ya kwana biyu a firij an gama da suyarsa. Masu ajiyar dankalin suya tsakanin 7 da 10 suke riƙe shi. In kin fito da shi kin bar shi a ɗaki sati ɗaya ko biyu yakan ɗan dawo amma ba duka ba. Sabon haƙa wanda bai ƙosa ba, wanda kina murzawa da yatsa bawon na saluɓewa, shima suga ne da shi, na dahuwa ne. Haka tsohon da ya yamutse ya fitar da dogayen tsiro. Kuma ba maganar kyan gani kaɗai ba ce, suyar da ta yi duhu sosai tana ɗauke da wani sinadari akirilamaid da masana lafiya ke cewa a rage, don haka ja-ja mai haske ake tsayawa. Kafin ki fere kwano guda, ki yanki siriri ɗaya daga tsakiya ki jefa a mai, minti uku ya ishe ki sanin halinsa.

In kin dace da mai gari, ki yanka ki wanke a ruwan sanyi har ruwan ya daina fari, ki tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, ki soya sau biyu, na farko a wuta kaɗan wajen digiri 150 har ya yi laushi bai canza launi ba, ki kwashe ya huce, sannan ki mayar a mai mai zafi wajen 180 na ɗan lokaci, kuma kar ki cika kaskon. Dahuwa kuma a ruwan sanyi ake farawa da gishiri, in kin jefa a tafasasshe waje zai dagargaje ciki na nan da ƙarfi. In mai gari kaɗai gare ki kuma dole sai miya, ɗan tsami na taimakawa, ko ruwan tumatir ɗin ko ɗigon lemon tsami, tsami na hana shi saurin faɗuwa. Dakakke kuma kar ki kusanto da bilenda, zai koma yauƙi kamar gam, cokali mai yatsu ya isa, tun yana da zafi.

Toh mu shiga gona. Abu na farko dankali ɗan sanyi ne, ba ya son raɓar ƙanƙara amma zafi ya fi cutar da shi a ɓoye. Yana zuba 'ya'ya da kyau in ƙasa na tsakanin digiri 15 da 20, in dare ya riƙa wuce 20 sai zubin ya ja baya, in ƙasa ta doshi 30 kusan ya tsaya, kuma abin haushin ganyen zai yi kore shar ki yi ta murna, ranar haƙa ki tarar da saiwa zalla. Don haka a ƙasashe masu zafi ko dai a kan tudu mai tsayi ake noma shi ko a lokacin sanyi da ban ruwa, haka Indiya ke yi a filayenta kuma ita ce ta biyu a duniya bayan Sin. Tsawon sanyin da kike da shi shi zai zaɓa miki nau'i. Akwai mai saurin nuna, kwana 70 zuwa 90, akwai matsakaici har wajen 120, akwai mai nauyi da ke kaiwa 140 ko fiye. Yawancin masu gari sosai suna cikin masu nauyin ne, don tara sitaci lokaci yake ci. In sanyinki wata uku ne kika shuka mai wata biyar, zafi zai riske shi a hanya, ba ki samu garin ba ba ki samu yawan ba.

Akwai kuma barci. Dankalin da aka haƙo yau ba zai tsiro gobe ba ko da kin binne shi kin yi ta ban ruwa, sai ya gama barcinsa, yawanci wata biyu zuwa uku, in kin matsa masa ruɓewa zai yi a ƙasa. Kowane nau'i da tsawon nasa. Agria mai nauyin barci ne shi ya sa yake ajiyuwa. Wani nau'i mai suna Shangi da manoman Kenya suka rungume kuwa 'yan makonni ne ya farka, ga mai shuka sau biyu ko uku a shekara wannan alheri ne, ga mai son ajiya kuma masifa. Irin shuka mai kyau kamar girman ƙwan kaza yake, an baza shi a inuwa mai haske har ya fito da gajerun tsiro masu kauri kore ko shuɗi-shuɗi guda uku ko huɗu. Dogon farin tsiron nan da ke fitowa a cikin duhun buhu ba shi da amfani, kina taɓawa yana karyewa. In tsiro ɗaya tal ya fito a kai, ki cire shi, sauran idanun za su buɗe.

Yanzu ɗaya ma'anar irin. Dankalin da kika binne ba ƙwaya ba ce kamar ta masara, yankin jikin uwar ne, duk abin da ke jikinta yana jikinsa, kyanta da cutarta. Shi ya sa Bintje na yau shi ne dai Bintje na 1910. Amma shi ya sa kuma cutar bairos ke taruwa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye su ɗauko daga wannan shuka su kai waccan, ta sauka cikin 'ya'yan, ki shuka su baɗi, haka haka duk shekara amfanin na raguwa ganye na nannaɗewa, sai mutane su ce irin ya gaji. Ni kaina na taɓa yin wannan wautar a farkon shigata, na ga wani dankali mai kyau wurin wani mai sayarwa na saya na shuka, shekarar farko lafiya lau, sai na riƙa sayar da manyan ina ware 'yan ƙananan a matsayin iri don ganin dabara, ashe shukar da ba ta da lafiya ita ta fi zuba ƙanana, wato da hannuna nake tsince masu cutar ina mayarwa gona. A zagaye na uku abin da na haƙo sai ka rantse goro ne. In za ki ajiye iri, tun gona na kore za ki zagaya ki kafa tsinke a gindin masu lafiya, nasu za ki ware, kuma duk bayan 'yan zagaye ki sabunta da tantataccen iri daga masu sana'ar. 'Ya'yan nan kore masu kama da ƙaramin tumatir da ke fitowa bayan fure, kar yara su ci, guba ne, kuma in kin shuka ƙwayar cikinsu kowace ɗaya daban za ta fito, ta nan ne ma masu bincike ke samo sabon nau'i.

Cutar da ta fi kowacce ita ce ƙunar ganye, bilait. In aka samu sanyi-sanyi da danshi da hazo na 'yan kwanaki, sai ki ga tabo ruwan ƙasa a gefen ganye, ki juya bayansa da sassafe ki ga fari-fari kamar auduga a bakin tabon, cikin sati guda ko biyu gona ta koma baƙa tana wari. Ita ce ta faɗa wa Ailan a 1845, talakawan ƙasar sun dogara kusan kacokan a kan nau'i ɗaya mai suna Lumper, mai yawan amfani amma ba ya jure ta, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu wasu fiye da miliyan suka bar ƙasar, duk da dai siyasar masu mulki ta ƙara wa abin muni. Akwai masu jurewa yanzu, irin su Sarpo Mira da ya samo asali daga Hangari, maƙwabta na ƙonewa shi yana tsaye, sai dai bakin wasu bai karɓi ɗanɗanonsa ba kuma yana daɗewa a gona. Feshi kafin ta shigo ake yi, in ta riga ta kama sai dai a rage asara.

Ta biyu ita ce cutar yaushi ta bakteriya, wadda ta fi addabar wurare masu ɗumi. Shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take. Ki yanke karan kusa da ƙasa ki rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kar ki motsa, in ita ce cikin 'yan mintuna za ki ga wani farin zare kamar hayaƙi yana saukowa daga karan. Wannan ba ta da maganin feshi, tumɓukewa ake da ƙasar gindin a fitar daga gonar, kuma tana zama a ƙasa shekaru. Nan ne dangantakar nan ta shigo, in filin naki an yi tumatir ko barkono ko gauta a bara, ki ba shi hutu da masara ko wani hatsi, shekara uku ko huɗu tsakanin dankali da dankali.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, nau'i ɗaya zai iya fitowa da hali biyu a gona biyu, hannun manomi na shiga har cikin kasko. Ki cika masa yuriya, sai ya tafi ganye, ya makara wurin zubi, sitacin ya ragu, ki shuka mai gari ki haƙo mai ruwa. Ki bar shi da ƙishi sannan ki malala masa ruwa, sai ya tsage ko ki yanka ki tarar da rami a tsakiya. Ƙasa mai sauƙi yake so mai ɗan tsami wadda ba ta riƙe ruwa, toka da yawa ko busasshiyar ƙasa a lokacin da yake fara zubi su ke kawo ƙurajen nan masu kaushi a bawo. Kunya da kunya santimita 75, shuka da shuka 30, zurfi kamar 10, a hekta guda iri na cin tan biyu zuwa biyu da rabi. In kina son manya na suya ki ɗan buɗa tazarar, in ƙanana na iri kike so ki matse. Ki riƙa tara masa ƙasa a gindi in ya kai kamar taƙi ɗaya, ki sake bayan sati biyu ko uku, don duk wanda ya leƙo ya ga rana kore zai yi, koren nan kuma alama ce ta wata guba mai suna solanin, dahuwa ba ta kashe shi. In ɗan tabo ne ki yanke da zurfi, in ya yi yawa ko kin ji ɗaci yana ƙaiƙayin maƙogwaro ki zubar. Har nau'i guda aka taɓa janyewa saboda wannan, Lenape, an fitar da shi a Amurka a 1967, suyarsa ta yi kyau ƙwarai, a 1970 aka janye shi don gubar ta yi yawa. Abin dariya shi ne ya haifi Atlantic, wanda har yau ake cips da shi lafiya lau.

In da ni ce ke, wato in filin nawa ne, ba zan cika shi da nau'i ɗaya a shekarar farko ba. Zan nemi biyu ko uku daga cikin waɗanda aka riga aka san suna yi a yankin, don sunan da ya yi fice a wata ƙasa ba lallai ya karɓi taki ba, ɗaya mai riƙe jiki irin Nicola, ɗaya mai gari ko na tsakiya, kowanne da kunyoyinsa da alamarsa, in rubuta ranar shuka. In ganye ya fara rawaya ki daina ban ruwa, ki sare karan ki bar dankalin a ƙasa kamar sati biyu bawon ya yi ƙwari, ki haƙa da safe ko da yamma kar rana ta dafa shi, kar ki wanke, ki baza a wuri mai duhu da iska kwana goma raunukan su warke. Daga nan sai ki ɗebi biyar-biyar daga kowanne ki kai su robar gishiri, ki soya ɗaya ki dafa ɗaya, ki turo min abin da kika gani tare da kwanakin da kowanne ya ɗauka, sai mu san wanda za ki ware wa filin baɗi.